Shekarar Turin Mota

Tun kuna yara kuke jin ana cewa baffanku Tankari ne ya jawo wa gidanmu yunwa, har wasunku sun ɗauki maganar suna ba nasu 'ya'yan kamar da idonsu suka gani. Waɗanda suka fi kowa iya ba da labarin ko haihuwarsu ba a yi ba a lokacin. Na daɗe ina haɗiye abin, amma yanzu ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka tura motar nan, kuma ƙarfina ya ƙare. Zan faɗi yadda aka yi, wanda zai ji haushi ya ji.

Tankari wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun yana saurayi ya bar ƙauyenmu da ke kusa da Kiyeshe ya tafi Yamai, ya yi wankin mota, ya yi ɗaukar kaya, har ya koyi tuƙi da ɗan abin da ya samu na Faransanci. Ya dawo Dogon Dutsi yana direban wani Anasara da aka aiko don auna inda za a fitar da hanya. Ba shi ne kumandan mai mulkin yankin ba, kuma ban taɓa iya faɗin sunansa ba. Jan Wuya muke ce masa, don rana ta gasa masa ƙeya har ta yi kamar an yanka. Lokacin babban yaƙin Anasara ne, jiragen ruwa sun daina kawo kaya, duk abin da ya lalace a mota sai dai a ɗaure da waya a yi ta lallaɓawa.

Ku yanzu in batir ya mutu sai ku aika kasuwa a kawo wani kafin shayi ya huce. A wancan zamani batir ɗaya ne a motar, baƙin akwati mai nauyin tsiya, da 'yan murafu a bisa, kuma Tankari yana kula da shi fiye da yadda yake kula da cikinsa. Kullum da safe sai ya buɗe murafun ya leƙa, in ruwan ya ja baya ya ƙara. Ba a zuba masa ruwan rijiya, don gishirin ƙasa yana cinye shi. Ruwan sama ake tara masa, shi ma ba na indararo ba. Innarmu ce take ajiye sabuwar ƙwarya a tsakar gida da damina, ta tace, ta ɗura a kwalabe, tana yi tana mita wai ta haifi ɗa ya koma bawan akwati. Tankari ya ce a ƙasar Anasara mai sanyi batir yakan yi shekaru, amma nan bazara biyu ta ishe shi, don zafi yana shanye ruwan ya gasa abin da ke ciki. Wannan kuwa ya riga ya wuce wa'adinsa. Ya yi ta rufa masa jiƙaƙƙen buhu, yana neman inuwar gawo duk inda za a tsaya, amma da bazarar shekarar nan ta kankama batir ya mutu murus. Akwai ƙarfen da ake zurawa a gaban mota a murɗa, manibel suke ce masa, shi ma ya yi aiki na ɗan lokaci ya daina. Motar ta koma ba ta tashi sai da turi.

Jan Wuya kuwa aikinsa a daji yake, inda babu kowa, kuma mutanen ƙauye da sun ji ƙugin mota sai kowa ya bi ta bayan danga ya ɓace. Sai ya ce a nemo masa 'yan turi nasa na kansa, waɗanda za su zauna a bayan mota duk inda ya nufa. Da wannan magana Tankari ya zo gida wani marece. Mu uku ne majiya ƙarfi a gidan, ni da 'ya'yan ƙanen babanmu da ya rasu, Gado da Namata. Rumbu ya yi ƙasa sosai, matata Tani tana da ciki na fari, ga gardawan bariki, wato dogaran Anasara, suna zagaye ƙauyuka suna kwasar maza zuwa aikin tilas na fasa dutse, inda wanda ya dawo yakan dawo da tarin da ba ya warkewa.

"Baba, ka ba ni su ukun," in ji Tankari. "Wanda duk ka turin mota ba a kai shi hwasa dutsi. Kuma ana ba su abinci sahe da marece, bakuna ukku sun ragu ga rumbu."

Baba yana zaune yana gyaran ƙotar sungumi, bai ɗaga kai ba.

"In ruwa ya hwaɗi hwa? Wa ka sara mani gona? Ni da gwiwag ga?"

"Ya yi mani alkawali. Ran da hadari yat taso shina sallamassu."

"Alkawalin Anasara," in ji Baba. Sannan ya ce, "Ka bar mani ko guda."

"Wanda nib bari, gardi na ɗauka tai kahin sati. Ka hi ni sani, Baba."

Inna ta leƙo daga madafa ta ce, "Kai dai Tankari, tun da kah hwara warin man nan ba ka jin maganak kowa." Amma ita ce ta ɗaura mana ƙullin gari da safe, kuma na ga yadda ta dubi cikin Tani kafin ta ce Allah ya kiyaye hanya. Ina so ku riƙe wannan: ba a ja mu da igiya ba. Baba ya yarda, Inna ta yarda, mu kuwa murna muke yi za mu hau mota.

Murnar ba ta yi nisa ba. Turin mota cikin yashin Arewa da bazara aiki ne da ban yi wa maƙiyina fatansa ba. Ƙarfen bayanta yakan yi zafi har ya saɓule fatar kafaɗa, ƙafa tana nutsewa, kana turawa tana dawo maka. Sai ta yi tari kamar za ta tashi, mu saki, ta mutu, mu koma. Tankari yana kan sitiyari yana kiran sunayenmu, Jan Wuya yana gefensa da malafarsa ko waiwaye ba ya yi, gardawa biyu suna tafe da bulala a hannu. In ta tashi sai mu bi ta da gudu mu ɗare. Shinkafar dai ana ba mu, ba zan yi musu ƙarya ba, Gado har kumatu ya yi. Da marece in an kafa tanti sai Jan Wuya ya zauna gaban akwatinsa mai magana, rediyo ke nan, yana jin labarin yaƙin ƙasarsu, wani lokaci yana zagi shi kaɗai. Namata ya rantse aljana doguwa ce aka kulle a ciki. Akwai kuma wani akwatin katako da aka aiko daga Doso ana tsakiyar bazara, ƙarami amma da nauyi kamar dutsen niƙa. Ni aka ɗora wa ɗaukarsa, in shigar da shi tanti da marece, in mayar ƙarƙashin kujerar gaba da safe. Na tambayi Tankari ko mene ne a ciki, ya ce in yi abin da aka sa ni in rufe bakina.

Muna can arewa, gaba da Sukukutane, hadari ya taso da la'asar. Ba irin wanda ke zuwa ya yi iska ya watse ba ne. Ya haɗe gabas baki ɗaya, ya miƙe har kudu inda gidanmu yake, kuma da ya sauka bai ɗauke da wuri ba. Ku da kuka tashi a birni ba ku san abin da ruwan farko yake yi wa manomi ba. Na zauna ƙarƙashin mota ina jin ƙanshin ƙasa, na kuma san a daidai lokacin Baba yana tsaye a ƙofar gida yana duban hanya. A ƙasarmu shukar hatsi ba ta jira. Namiji yana gaba yana sara da sungumi, mace tana biye tana zuba iri tana rufewa da ƙafa, kuma dole a gama kafin laimar ƙasa ta gudu. Ba ka samun mai taya ka, don kowa yana tasa gonar. Da gari ya waye na tona ƙasa da hannu, laima ta wuce tsintsiyar hannuna ban kai ƙarshenta ba.

Muka taru wajen Tankari. Bai bari mun yi magana ba, ya share hannunsa ya nufi tanti, ya cire hularsa a ƙofa. Ba na jin Faransanci, amma na ji muryarsa ta yi ƙasa, irin ta mai roƙo, abin da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Jan Wuya yana aske gemu gaban ɗan madubi, ya ba shi amsa bai juyo ba. Babban gardin, wani dattijo Bazabarme da ke jin Hausa, shi ya fassara mana a hankali.

"Ya ce aiki bai ƙare ba. Ya ce in kun tahi wa ka tura mota."

"Alkawali hwa?" in ji Namata.

"Ya ce bai tuna ba."

Tankari ya fito. Ya tsaya ya dubi motar, ya dubi yashin da ruwa ya daddaɓe ya yi tauri, wanda ko jaki da kaya ba zai nutse a ciki ba balle taya. Sannan ya juyo gare ni.

"Arzika, ɗauko akwatin nan."

Na ɗauko akwatin katakon, don na riga na fitar da shi bakin tanti. Ya sa ƙarfe ya ɓalle murfin. Batir ne a ciki, sabo fil, yana ƙyalli. Ashe tun tsakiyar bazara aka aiko wa motar da shi, Jan Wuya ya hana a sa, ya mai da shi na rediyonsa. Wai tayar da mota yana cinye ƙarfin batir, zafin inji yana rage masa kwana, kuma ba a san ranar da wani zai zo ba. In mun tura motar ta tashi, sai Tankari ya jona masa waya a ƙarƙashin kujera ya sha wuta a hanya, da marece ya yi wa maigida magana. Wato duk fatar da muka bari a jikin ƙarfen nan, abin da zai tayar da motar yana cikinta muna tura shi, ni kuma nake ɗaukarsa a ka safe da marece. Har yau in na tuna sai na ji ɗaci a bakina.

Tankari ya cire mataccen ya jefar a ƙasa, ya ɗaura sabon, ya shiga ya taka. Motar ta tashi bugu ɗaya. Ya bar ta tana ƙugi ya sauko.

"Ga ta nan ta tashi, ba ta bukatakku. Ku tahi ku shibka."

Jan Wuya ya fito da kumfa a rabin fuskarsa. Marin farko da hannunsa ya yi, sauran ya bar wa gardawa. Na yunƙura zan shiga, Tankari yana durƙushe bulala tana sauka a bayansa ya daka mini tsawa.

"Gona, Arzika! Mi kaka jira? Gona!"

Dattijon gardin nan ya dube ni ya kawar da kai, na gane ba zai bi mu ba. Muka juya muka bar shi a nan.

Tafiyar ƙafa ce mai nisa, kuma ita ce mafi muni a rayuwata. Duk gonar da muka wuce mutane suna ciki, maza a gaba mata a baya, ba mai ɗaga kai ya amsa sallama. Muna tafiya ƙasa tana canza launi a ƙarƙashin ƙafarmu, daga ja mai duhu tana komawa fari. Ina tsayawa ina tonawa, kullum laimar tana ƙara nisa. Da muka iso gida mun tarar Baba ya ɗauki sungumi da kansa, Inna da Tani da cikinta suna bin sa, sun shuka ɗan gefen da ke bayan gida kafin gwiwar ta kayar da shi. Babbar gonarmu tana kwance ba a taɓa ta ba, ta maƙwabta kuwa ta ko'ina har ta fara tsiro.

Baba yana kwance a zaure, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Kunka zo yin mi?"

Gado ne ya buɗe baki. Maimakon ya fara da bulalar da aka yi wa Tankari, sai ya fara da akwatin. Ya ce batir yana nan tuntuni, Tankari ya sani, ya ɓoye mana, ya bar mu muna turi kamar jakuna. Gaskiya ya faɗa, amma rabinta, kuma rabin nan ne ya zauna a gidanmu har ya iso kunnenku. Na yi ƙoƙari in faɗi sauran, Baba ya ɗaga hannu ya ce ya ji abin da zai ji. To ku ga sauran. Da Tankari ya yi gardama tun ranar da batir ya zo, da an sa batirin a mota an sallame mu, kuma da ba gida za mu ba, wurin fasa dutse za a wuce da mu. Ya yi shiru don mu ci abinci mu tsira da ƙirjinmu har ruwa ya sauka, ya dogara da alkawarin mutumin da yake yi wa aiki. Kuskurensa ke nan, ya ɗauka Anasara zai ji kunyarsa. Gado da ya fi kowa zaginsa shi ya fi kowa cin shinkafar, kuma na faɗa masa haka a gaban idonsa tun yana da rai.

Mun shuka duk da haka, don zuciya ba ta bar mu mu zauna ba, kuma wannan ya ƙara mana asara. Irin ya sami laimar da za ta tayar da shi amma ba wadda za ta riƙe shi, ya tsiro ya ƙone. Ruwa na biyu ya yi jinkiri ƙwarai. Muka sake shuka da ɗan irin da dangi suka tsakuro mana, damina ta ɗauke hatsin yana fitar da kai bai cika ba. Maƙwabta da suka shuka da ruwan farko sun ɗaure dammuna, mu muka kwashe kara. A shekarar ba a yi yunwa a ƙasa ba, a gidanmu kaɗai aka yi ta, kuma irin wannan ta fi ciwo, don kana jin dakan maƙwabta. Mun ci dusa, mun ci anza da ganyen daji. Tani ta haifi ɗiya mace, nono bai zo ba, yarinyar ba ta kai yaye ba. Ita ce babbar yayarku da ba ku sani ba. Baba bai ƙara ambaton sunan Tankari ba har ya koma ga Allah, in dole ta kama sai ya ce mai motar nan. Inna kuwa ba ta zage shi ba ko sau ɗaya, amma ba ta iya kare shi a gaban Baba, sai ta shiga ɗaki ta yi kukanta.

Na ga Tankari sau ɗaya bayan ranar bulalar nan, tun kafin duk wannan ya faru. Ba mu daɗe da gama shukar banzan nan ba gardawa suka zo suka tasa mu ukun zuwa Dogon Dutsi. Mun zaci ɗaure mu za a yi. Da muka isa bariki da hantsi sai ga motar a tsaye, an kawo wani direba daga Doso, Jan Wuya yana zaune a gaba da malafarsa. An mayar da mataccen batirin wurinsa, akwatin katakon yana ƙarƙashin kujera, an buga masa sabbin ƙusoshi. Tankari yana zaune a cikin bayan motar, hannuwansa a ɗaure da igiya, ido ɗaya ya kumbura ya rufe. Za a kai shi Doso a yanke masa hukunci, daga can aka wuce da shi wani aikin haƙa mai nisa, kuma bayan shekaru wani da suka yi zama tare ya zo ya ce mana ya rasu. Ba mu san kabarinsa ba.

Ashe ba don ɗauri aka kira mu ba. Jan Wuya ya ce tun da mu ne 'yan turinsa, mu za mu tayar da ita. Gardi ya nuna mana bayan motar da bulala. Na sa kafaɗata a inda na saba sawa, kaina daidai ƙafafun wana. Muka fara turi, ya sunkuyo yadda gardi ba zai ji ba.

"Arzika. Kun iske laima?"

Na tuna farar ƙasar da muka zuba irinmu a ciki. Na dubi idonsa ɗaya da ya rage a buɗe.

"Mun iske, Yaya."

"Duka gonar?"

"Duka."

"To, alhamdu lillahi," in ji shi, ya jingina da katako ya rufe idon.

Ƙarya na yi masa, kuma ban taɓa yin nadamarta ba, don ita kaɗai ce guzurin da gidanmu ya ba shi. Motar ta yi tari, ta sake yi, gardi ya ce mu ƙara ƙarfi. Muka ƙara, ta tashi, ƙarfen ya zame daga kafaɗata na faɗi a kan gwiwoyina. Da na ɗaga kai ta riga ta kama hanyar Doso.